Takarda, Ƙarfe da Shaidar Mutane: Tarihin Gwajin Lafiyar Mota da Amincin Peugeot 504 a Yankin Dantchiao

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi sayen tsohuwar mota, tambaya guda ce ke cin ransa: me wannan mota ta gani kafin ta iso gare ni? Mai sayarwa ya san amsar, ko kuma ya san wani ɓangare nata, shi kuwa mai saye fenti da ƙarar inji kaɗai ke gabansa. A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya gina wata shahararriyar maƙala a kan wannan giɓi. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya rarrabe lafiyayyar mota da maras lafiya, to zai taya su da farashi ɗaya, masu motocin kirki su janye, a bar kasuwa da tarkace.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka yi ƙoƙarin cike wannan giɓi a wurare biyu: a Turai, inda aka dogara ga jerin takardun gwajin lafiyar mota, da kuma yankin Dantchiao, inda motocin Turai da na Nijeriya suka riƙa ƙare rayuwarsu. An zaɓi Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, domin mota ce da ta daɗe a kan hanyoyin ƙasar Hausa, kuma a yau ta kai shekarun da a Turai ake lissafa ta cikin motocin tarihi. Hujjar da za a kafa ita ce: tarihin mota na takarda yakan yanke a daidai lokacin da ta bar ƙasar da aka fara yi mata rajista, saboda haka a wannan yanki tarihinta ya koma jikin ƙarfenta da kuma ƙwaƙwalwar mutanen da suka taɓa ta.

2.0 Asalin Gwajin Lafiyar Mota a Turai

Gwajin mota na dole ya bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da motoci suka yawaita, haɗurra kuma suka ƙaru. Jamus ta Yamma ta fara shi a 1951. Birtaniya ta bi sahu a 1960 da gwajin da aka fi sani da MOT, wanda da farko ya shafi motocin da suka kai shekara 10, kuma birki da fitilu da sitiyari kawai ake dubawa. Zuwa 1967 an rage wa'adin ya koma shekara 3. Faransa ta makara: a 1986 aka wajabta contrôle technique ga motar da ta haura shekara 5 idan za a sayar da ita, sai a 1992 ya zama gwajin da ake maimaitawa lokaci-lokaci ga kowace ƙaramar mota.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, an ƙirƙiro gwajin ne don kare rayuka a kan hanya. Takardar ranar gwaji shaida ce cewa a wannan rana birki na kamawa, fitilu na ci, ƙasan motar bai ruɓe ba. Ba a kwance inji, ba a buɗe akwatin giya, saboda haka mota na iya cin gwaji da safe injinta ya buga da yamma. Na biyu, amfanin takardun ga mai saye ya samu ne daga jeruwarsu. Idan an jera na shekara goma, za a ga yadda adadin kilomita ke hawa, a gane ko an mayar da agogon baya, a ga kuma ko tsatsar da aka yi gargaɗi a kanta bara an gyara ta ko an rufe ta da fenti. Birtaniya ta shigar da sakamakon gwajin cikin kwamfuta daga 2005, har ya zama da lambar mota kaɗai ana iya ganin tarihinta ta intanet. Beljiyam ta kafa tsarin Car-Pass a 2006 don adana adadin kilomita, Faransa kuma ta buɗe HistoVec a 2019.

Sai dai a kan tsofaffin motoci tsarin ya sassauta. Daga watan Mayu na 2018 Birtaniya ta ɗauke wajabcin gwaji ga motar da ta haura shekara 40, muddin ba a yi mata babban sauyi ba a cikin shekara 30 da suka wuce. A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun rajistar véhicule de collection, a riƙa gwada ta sau ɗaya a shekara 5. Ke nan ko a can, takarda tana yin ƙaranci ne a shekarun da mai saye ya fi buƙatarta.

3.0 Hanyoyi Uku da 504 ta Bi Zuwa Yankin

Dantchiao ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, jahar Damagaram. Tana kudu maso gabas da garin Magarya, a ɓangaren da ke kusa da Dungas, wadda aka ware ta zama gunduma a 2011. Kudancinta iyakar Nijeriya ce ta wajen Ɓaɓura a jihar Jigawa. Iyakar ita ce wadda Ingila da Faransa suka daidaita a kanta a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Binciken Collins na 1976 a kan fasa-ƙwaurin gyaɗa a gundumar Magarya, da littafin William Miles na 1994 a kan Yardaje da Yekuwa, sun nuna cewa iyakar ta raba hukumomi da takardu, amma kasuwanni da dangi sun ci gaba da cuɗanya. Kano ta fi kusa da mutumin Dantchiao nesa ba kusa ba a kan Yamai. A irin wannan wuri ne 504 ta shigo ta hanyoyi uku.

3.1 Hanyar Kaduna

An fitar da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagun hanya ta koma dama, wato ta daidaita da Nijar da sauran maƙwabtanta. Wannan sauyi yana da muhimmanci ga batunmu ta fuska biyu: motar da aka yi don Kano ta dace da hanyar Damagaram, sannan motocin Ingila masu sitiyari a dama, waɗanda su ne ke da tarihin MOT, suka fita daga lissafin ƴan kasuwar yankin. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. A shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan daga Liyon zuwa Kano. Gwamnatin soja ta ƙarshen shekarun 1970 ta mayar da Peugeot motar hukuma. An daina ƙera salun ɗin 504 a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Motar Kaduna takan fara a hannun ma'aikata ko ofis, ta koma haya, daga nan ta gangara zuwa tashoshin kan iyaka.

3.2 Hanyar Sahara

A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa sayen tsofaffin 404 da 504 da araha, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasat da In Gezam, su shigo Nijar ta Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar da motar su biya kuɗin jirgin komawa gida. Babu takardar gwaji da ke tare da mafi yawan irin waɗannan motoci, domin Faransa ba ta wajabta gwajin ba sai 1986. Tafiyar ita kanta ta zama gwaji: motar da ta ƙetare hamada da ƙafafunta ta nuna abin da take iyawa, ko da yake ta bar wani ɓangare na ƙarfinta a cikin rairayi. Tawayen arewacin Nijar da ya ɓarke a 1990, da rikicin Aljeriya daga 1992, su suka toshe wannan hanya.

3.3 Hanyar Kwatano

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar motar Kaduna ta gagari ma'aikaci. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ta yi wa ƴan Nijar irin wannan illa. Sai kasuwa ta koma ga motocin da Hausawa ke kira ƴan Beljiyam ko ƴan Kwatano. Ana tara su a unguwar Heyvaert ta birnin Burasel, a ɗora su a jirgin ruwa a Antuwap, a sauke a Kwatano. Igué da Soulé sun bayyana a 1992 yadda Benin ta zama rumbun ajiyar kayan da za su wuce Nijeriya, daga baya Beuving da Rosenfeld suka nazarci cinikin motocin kansa. Da Nijeriya ta taƙaita shekarun motar da za a shigo da ita a 2001, hanyar Nijar ta ƙara armashi: a rubuta mota a matsayin mai wucewa zuwa Nijar, ta hau ta Malanbil da Gaya, ta bi ta Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram, sannan ta juya kudu. A Janairu 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuma ta rufe iyakokin baki ɗaya.

4.0 Inda Takarda ke Yankewa

Idan aka dubi hanyoyin nan uku, za a ga cewa kowace tana da wurin da tarihin motar ke faɗuwa. A Faransa doka ta nemi mai sayar da mota ga wani mutum ya ba shi sakamakon gwajin da bai wuce wata 6 ba, amma wannan sharaɗi ba ya hawa kan wanda ya sayar wa ɗan kasuwar motoci. Saboda haka motar da ta faɗi gwaji, kuma kuɗin gyaranta ya zarce darajarta, hanya mafi sauƙi gare ta ita ce hannun mai fitarwa waje. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa ƙananan motoci na hannu miliyan 14 ne Tarayyar Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Binciken da hukumar sa ido kan sufuri ta Holan ta yi a wannan shekara ya gano cewa mafi yawan motocin da ake fitarwa daga can zuwa Afirka ba su da takardar gwaji mai aiki. Ke nan gwajin Turai ya zama rariya: abin da ya wuce ya zauna a gida, abin da ya maƙale ya hau jirgi.

A wannan gefe ma akwai dokokin gwaji. A Nijeriya jami'an VIO ne ke ba da takardar shaidar lafiyar mota, aikin da tushensa ke cikin dokar hanya ta zamanin Turawa, an kuma kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a 1988. A Nijar ana neman takardar visite technique tare da carte grise da inshora, ƙungiyar UEMOA kuma ta fitar da umarni a kan gwajin motoci a 2009. Amma waɗannan takardu an tsara su ne don a nuna wa jandarma ko ɗan sanda a shinge. Sabuwa na zuwa, tsohuwa ta tashi daga aiki, ba kasafai ake adana ta ba. Wuraren gwajin a manyan garuruwa suke, motar da ke zirga-zirga tsakanin kasuwannin ƙauye kuwa tana iya shafe watanni ba ta taka kwalta ba. Idan kuma mota ta sauya lamba daga ta Nijeriya zuwa ta Nijar, ko akasin haka, to kamar an sake haihuwarta ne a takarda.

Wannan ya sa abin da mai saye ke nema a takarda ya bambanta da na takwaransa na Turai. Shi tambayoyinsa su ne: an biya duwan ko kwastan? Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da wadda ke rubuce? Ba ta sata ba ce? Takarda a nan shaidar mallaka ce da ta biyan haraji. Batun lafiya wani wuri ake kai shi.

5.0 Dillali, Makanike da Tasha

Bahaushe ya daɗe yana sayen abin da aibinsa ke ɓoye, tun kafin zuwan mota. Polly Hill a 1966 da Abner Cohen a 1969 sun bayyana tsarin fatoma da dillali a cinikin shanu da goro, inda baƙo ke sayar wa baƙo bisa amincin mutum na uku da ke zaune a gari, wanda sunansa shi ne jarinsa. Haka kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan yankin, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid, ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da tsohon aibi a cikinsa. Cinikin mota ya gaji wannan tsari kusan yadda yake. Akwai dillali da la'adarsa, akwai shaidu, akwai kuma sanin cewa wanda ya cuci mutum a yau zai haɗu da danginsa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Mutum na biyu shi ne makanike. Kamar yadda mai sayen doki ke duba haƙora, haka mai sayen Fijo ke tafiya da wanda zai karanta masa ƙarfe. Ana son a tayar da injin da sanyinsa, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye rauninsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cin baƙin mai, farin da ba ya yankewa kuwa yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ana duba lagireto ko akwai maiƙo a ruwansa, a leƙa ƙasa a ga wuraren da aka yi walda, a lura da yadda tayoyi suka cinye, domin cin gefe guda yana tona asirin shasin da ya taɓa karkacewa. Agogon kilomita ba a cika kula shi ba. Yawancin motocin wancan zamani lamba biyar agogonsu ke da ita, yana kaiwa 99,999 ya koma sifili, kuma sau da yawa wayarsa ta daɗe da tsinkewa. Ƙarfen yana kuma faɗin inda motar ta fito: wadda ta yi shekaru a Turai tana zuwa da tsatsar gishirin da ake zubawa a hanya lokacin sanyi, wadda ta tsufa a nan kuwa ciwonta ƙura ce a inji da tsagewar jiki saboda gargada da lodi.

Na uku ita ce tasha. Motar haya tana da suna, ana sanin direbobin da suka riƙe ta, da shekarar da ta faɗi, da garejin da aka sauke injinta. Wannan shi ne mafi kusa da jerin takardun MOT, domin ya ƙunshi shekaru da dama da bakuna da dama. Sai dai yana da iyakarsa. Yana aiki ne ga motar da ta rayu a kusa, ga kuma mai saye ɗan gari. Baƙon da ya zo daga Yamai ko Legas neman tsohuwar 504 ba lallai a faɗa masa abin da kowa ya sani ba, motar da aka kawo jiya daga nesa kuwa cinikinta cinikin biri a sama ne.

6.0 Ina Amincin 504 Yake?

Babu shakka ƙirar motar ta taimaka. Ƙafafun baya ne ke ja, cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta na da nisan lanƙwasawa, sandar da ke kai ƙarfi baya tana cikin bututu da ke kare ta. Injin fetur mai cc 1971 yana da rigunan silinda da ake zarewa a sa sababbi, ga kafireto da ake kwancewa a gindin bishiya. Nasarar da ta yi a tseren Safari na Kenya a 1975 ta ƙara mata suna. Amma abin da ya sa ta zama abin dogaro a Dantchiao shi ne abin da ke kewaye da ita: shekara 30 na harhaɗawa a Kaduna, kayan gyara sababbi da na hannu a kasuwannin Kano, da dubban yaran gareji da suka koyi sana'a a kanta. Mota mai aminci a ƙauye ita ce wadda idan ta lalace da hantsi za ta tashi kafin la'asar.

Wannan yana haifar da sakamako biyu ga mai saye a yau. Na farko, 504 mai shekara 40 ba ita ce wadda ta fito daga masana'anta ba. An sauya inji, wataƙila fiye da sau ɗaya, an sauya akwatin giya, an ƙara ƙarfin sifirin don lodi. Abin da a Birtaniya ko Faransa zai iya hana ta matsayin motar tarihi shi ne a nan ya raya ta. Na biyu, gatan da take da shi yana raguwa. Tun da Kaduna ta daina harhaɗa ta, motocin Japan da babura suka karɓe hanyoyin, sababbin makanikai a kan wasu injuna suke koyo, kayan gyara na asali kuma sai a jikin wata matacciyar. Sunan da motar ta yi a 1985 ba ya lamunce wa wanda ya saye ta yanzu. Idan kuwa haya za a sa ta, kuskuren lissafi ba a aljihun mai ita kaɗai yake tsayawa ba, har da rayukan fasinja.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tsarin Turai da na yankin Dantchiao matsala ɗaya suke magancewa, kuma rauninsu ɗaya ne: kowane yana aiki ne a cikin da'irarsa. Tarihin takarda yana ƙarewa a bakin tashar jirgin ruwa, shaidar mutane kuma tana ƙarewa inda sanayya ta ƙare. Motar da ta fi haɗari ga mai saye ita ce wadda ta fita daga da'irar farko ba ta daɗe a ta biyu ba. Bisa ga haka, mai neman tsohuwar 504 a wannan yanki yana buƙatar shaidu uku: takarda don mallaka da haraji, makaniken da shi ya ɗauko don lafiyar ƙarfe, da mutanen tasha don abin da ya wuce. Idan ɗaya ya saɓa wa sauran, a nan bincike ya kamata ya tsananta.

Ga hukumomi, darasin tarihin MOT shi ne cewa gwaji ya fara amfanar mai saye ne ranar da aka fara adana sakamakonsa bisa lambar mota. Takardar visite technique da za a riƙa ajiye bayananta bisa lambar shasi, a kuma iya nemansu ko da mota ta sauya lamba a ƙetaren iyaka, za ta fi sabuwar doka amfani. Ga masu nazarin tarihi kuwa, akwai aiki na gaggawa. Makanikan da suka koyi sana'a a kan 404 da 504 a Magarya da Dungas da Ɓaɓura sun manyanta, kuma a bakinsu tarihin sufurin wannan iyaka yake. Ɗalibin da zai ɗauki mota guda, ya bi ta daga mai ita na yanzu zuwa na farko, yana haɗa takardunta da hirar waɗanda suka tuƙa ta da waɗanda suka gyara ta, zai samar da kundin da babu kamarsa a ma'ajiyar takardu ta Damagaram ko ta Kaduna.